Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Gajeriyar Kalma Ta Zo Ɗaya a Harsuna Daban-daban

Ƙaramar kalmar nan "da", wadda Bahaushe yake haɗa suna da suna da ita, tana da ma'abota masu yawa a duniya, kuma kowa da abin da yake nufi idan ya furta ta. A bakin mutumin Rasha ko na Romaniya tana nufin "i", a Jamusanci tana nufin "can" ko "nan", a Italiyanci "daga", a Sifaniyanci "yana bayarwa", a harshen mutanen Wales "mai kyau", a Turkanci tana yin aikin da "ma" take yi a Hausa, Japanawa kuwa suna rufe jimla da ita kamar yadda muke rufewa da "ne" ko "ce". Duk wanda ya fara cin karo da irin wannan jeri yakan ji daɗi da mamaki, kuma babu laifi a cikin hakan, domin ta wannan ƙofa mutane da yawa suka shiga nazarin harshe. Inda gizo yake saƙar shi ne hukuncin da ake yankewa bayan mamakin.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne ɗaukar kamannin sauti a matsayin shaidar zumunta, wato da zarar an ji kalma ɗaya a harsuna biyu sai a ce lalle kakanninsu ɗaya ne, ko kuwa ɗaya ya fito daga ɗayan. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya warware wannan. Harshen da yake da baƙaƙe 20 da wasula 5 gaɓoɓi 100 kacal zai iya ginawa na baƙi da wasali, kuma harsuna da yawa ba su ma kai haka ba, ga misali harshen Hawai baƙaƙensa 8 ne. Sinancin da ake koyarwa a makarantu yana da gaɓoɓi kimanin 400 idan ba a lissafa karin sauti ba. Duniya kuwa tana da harsuna kimanin 7,000, kuma kusan dukansu suna amfani da sautuka masu sauƙin furtawa irin su "m" da "n" da "k" da "a". Sa'an nan akwai abin da masanin harshe George Zipf ya nuna tun a shekarar 1935, cewa kalmomin da aka fi yawan faɗa su ne suka fi gajarta, saboda haka wakilan suna da mahaɗai da kalmomin amsawa da na korewa duk suna cunkushe a cikin wannan 'yar rumfa ta gaɓa ɗaya. Idan dubban harsuna suna ɗiban kalmominsu daga tulu guda mai ƙaramin ciki, abin mamaki shi ne a ce ba su yi karo ba. Gyaran wannan kuskure shi ne mutum ya riƙa tuna cewa gwargwadon gajartar kalma, gwargwadon raunin shaidarta.

Wani zai ce ya yarda da haka idan ma'anonin sun sha bamban, amma idan sauti da ma'ana suka zo ɗaya fa? Nan ma katari yana aikinsa, kuma akwai labarin da masana suke yawan bayarwa a kan haka. Lokacin da masanin harshe R. M. W. Dixon yake tattara abin da ya rage na harshen Mbabaram a arewacin Ostireliya, ya tambayi ɗaya daga cikin tsofaffi na ƙarshe masu jin harshen yadda ake cewa kare, sai tsohon ya ce "dog", daidai da kalmar Ingilishi. Duk mai sauraro zai zaci aro ne, ko kuwa tsohon bai fahimci tambayar ba. Amma da aka duba harsunan maƙwabta sai aka ga Yidiny tana cewa "gudaga", Dyirbal tana cewa "guda", aka kuma gano cewa Mbabaram ta saba zubar da gaɓar farko ta kalmominta tana sauya wasulan da suka rage, har "gudaga" ta lalace ta koma "dog" ba tare da Bature ya sa hannu ba. Haka "bad" ta Farisanci da "bad" ta Ingilishi suke, dukansu suna nufin abu marar kyau, amma ta Farisa a da da sautin "w" take farawa. Haka kuma "mucho" ta Sifaniyanci, wadda ta fito daga "multum" ta Latin, ba ta haɗa komai da "much" ta Ingilishi ba, wadda tsohuwar surarta "micel" ce. Darasin a aikace shi ne a bi kowace kalma baya zuwa tsohuwar surarta kafin a gwama ta da wata, domin kalmomin da suka gaji juna suna ƙara kusantar juna idan aka koma baya, waɗanda suka yi gam-da-katar kuwa sai su yi ta nisa.

Akwai kuma kuskuren amincewa da ido a wurin da kunne ya kamata ya yi hukunci, kuma ina ganin mu masu karatun boko mun fi kowa faɗawa cikinsa, saboda rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Da" ta "Audu da Binta" gajeriya ce mai saukakken sauti, "da" ta "a zamanin da" doguwa ce mai faɗuwa, "da" ta "da na sani" wata ce daban, ga kuma "ɗa" wanda rashin ƙugiya a kan allon waya yake mayar da shi ɗan gidansu alhali baƙinsa ma daban ne. To, wace daga cikinsu ake gwamawa da ta Rasha? A Sinanci ma "da" ɗin da ake gani a rubutun Pinyin, wato Sinanci da haruffan boko, tana iya zama "babba" ko "bugu" ko "amsa" bisa ga karin da aka ɗora mata, kuma baƙin farkonta ya fi kusa da "t" marar iska a kan "d" ɗinmu. Kalmar Girkanci da ake rubutawa "kai", mai ma'anar "da", Girkawan yau "ke" suke furta ta, saboda haka wanda ya gwama ta da "kai" ta Hausa haruffa ya gwama, bai gwama magana ba. Maganin wannan shi ne a saurari kalmar daga bakin mai harshen, ko a duba ƙamus da yake nuna furuci.

Wasu kuma idan ma'ana ta ƙi zuwa ɗaya sai su ja ta kamar danƙo. Sun ga "kai" tana nufin teku a Hawai, tana nufin saman jiki a Hausa, sai su ce ai dukansu abu ne mai girma. Da irin wannan sassauci babu kalmomi biyu a duniya da ba za a iya aurar da su ba, kuma hujjar da ta dace da komai ba ta tabbatar da komai.

Kalmomin "mama" da "baba" suna buƙatar kulawa ta musamman, domin su ne ake fara kawowa idan ana son nuna cewa duk harsuna daga uwa ɗaya suke. Bayanin da Roman Jakobson ya bayar a 1960 shi ne wanda ya fi karɓuwa: leɓɓa su ne jariri yake fara sarrafawa, don haka "ma" da "ba" da "pa" su ne gaɓoɓin farko da suke fita daga bakinsa, iyaye kuma su ɗauka da su yake, su mayar da gwalantun suna. Kowace al'umma tana sake ƙirƙirar waɗannan kalmomi daga bakin 'ya'yanta, shi ya sa rabon ma'anar bai zama ɗaya ba. A harshen Jojiya "mama" uba ne, uwa kuwa "deda". Saboda haka masu bincike sukan ware irin waɗannan kalmomi gefe, tare da masu kwaikwayon kukan dabbobi, kafin su fara kwatance.

Sai kuma cuɗa aro da gado, wanda shi ne yake sa wasu su ce Hausa daga Larabci ta fito. "Littafi" da "kitabu" ta Swahili da "kitap" ta Turkanci duk daga "kitab" ta Larabci suke, amma abin da suke ba da labari shi ne tafiyar addini da ilimi da fatauci, domin Hausa da Swahili da Turkanci dangi uku ne mabambanta. Kalmar aro tana barin sawu: "l" ɗin farkon "littafi" da "lafiya" da "lahira" ragowar "al" ce ta Larabci da ta manne wa kalmar. Kalmomin da ake nema wajen gane gado su ne waɗanda al'umma ba ta cika aro ba, irin su sassan jiki da ƙananan lambobi da wakilan suna da kalmomin "mutuwa" da "suna".

Daga nan ne mai karatu zai iya zamewa cikin kuskure na ɗaya ɓangaren, ya ce ashe duk kamanni banza ne. Wannan ma asara ce, kuma ita ce ta fi damuna, domin tana hana mu ganin ainihin tarihin harshenmu. Gajerun kalmomi suna iya zama shaida mai ƙarfi idan suka zo a jere, cikin tsari, ba ɗaya tilo ba. Tun 1822 Jacob Grimm ya bayyana cewa inda Latin take da "p" a farkon kalma, harsunan dangin Jamusanci suna da "f", kamar "pater" da "father", da "piscis" da "fish", kuma irin wannan daidaito mai maimaituwa ne yake tabbatar da zumunta, har ma ya haɗa kalmomin da ba su yi kama ba sam, kamar "erku" ta Armeniya da "duo" ta Latin, dukansu "biyu".

Mu ɗauki "ni" mu gwada. A Sinanci tana nufin "kai" ko "ke", a Japananci "biyu", a harshen Denmak "tara", a harshen Wales "mu", kuma babu wanda zai ruɗe da waɗannan. Amma a harshen Bask, wanda ake yi a iyakar Sifaniya da Faransa kuma ba a san masa dangi ba a cikin harsunan da suke raye, "ni" tana nufin "ni" sak. A Larabci ma akwai "ni" da take liƙewa a ƙarshen aikatau da wannan ma'ana. Wace ce 'yar'uwa, wace ce baƙuwa? Sai a kira sauran 'yan gidan su ba da shaida. Bask tana cewa "hi" ko "zu" ga wanda ake magana da shi, tana cewa "gu" a madadin "mu", kuma ba a ga wani jeri da ya bi na Hausa ba. Balarabe kuwa yana cewa "ra'ani, ra'aka, ra'aki, ra'akum", Bahaushe yana cewa "ya gan ni, ya gan ka, ya gan ki, ya gan ku", har da bambanta namiji da mace ta hanyar wasali ɗaya a wuri ɗaya. Ga "t" ta tamata da take fitowa a "ta zo" da kuma ƙarshen sunayen mata na Larabci, ga "mutu" da "mata" ta Larabci da "met" ta Ibrananci da "mwt" ta tsohuwar Masar, ga "suna" da "ism" ta Larabci da "shem" ta Ibrananci, ga "huɗu" da "fdw" ta Misirawan da. Irin wannan tarin shaida ce ta sa Joseph Greenberg, a rabe-raben harsunan Afirka da ya kammala a 1963, ya tabbatar da Hausa da 'yan'uwanta na reshen Cadi a cikin babban dangin Afro-Asiya, tare da Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da Somali da tsohon harshen Masar, a matsayin rassa da suka tsiro daga kututture ɗaya, babu wanda ya haifi wani a cikinsu. Ita kuwa "ni" ta Bask, har yanzu ita kaɗai take tsaye, ba ta zo da "ka" ko "ki" ko "ku" da za su tsaya mata ba.