Darasi na Bakwai: Hayaƙin Murhu da Lafiyar Iyali

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin madafi zai ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin. Irin abin da ya manne a rufin nan shi ne mai girki take shaƙa safe da yamma, ita da jaririn da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, kuma ciwon namoniya da ke kama ƙananan yara yana cikin manyan illolinsa.

Murhun duwatsu uku yana cin itace da yawa, domin harshen wuta yana fita ta kowane gefe maimakon ya tsaya ƙarƙashin tukunya. Itacen da aka ƙona a banza kuwa daga daji aka saro shi, inda ƙasa ke ƙara tsiraita, iska kuma ke kwashe albarkar gona.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. A kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi da kashin shanu, a kewaye duwatsun da shi daidai girman tukunyar da aka saba ɗorawa, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace, sannan a bar ɗan rata tsakanin bangon da tukunyar don wuta ta sami numfashi. Kada a hura shi sai ya bushe sosai, in ba haka ba zai tsage. A riƙa faskara itace ana shanya shi, saboda ɗanye ya fi hayaƙi. A rufe tukunya, wake kuma a jiƙa shi tun da dare. In da hali a yi girki a tsakar gida, a kwance goyo a ba wani ya riƙe.

Maigida, wannan aiki har da kai, tunda kuɗin itace da na magani daga aljihunka suke fita. A lokacin hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, don yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Kafin darasi na gaba, kowa ya rubuto yawan itacen da gidansa ya ƙona cikin mako ɗaya da kuɗin da ya ci.