Kurakuran masu sayen ƙaramar bindiga ta ɓoyewa a Amurka

Mutanenmu da ke zaune a Amurka, musamman direbobin tasi da masu tsaron shagon mai cikin dare, sukan fara tambayar wace fistol ce ta fi ƙanƙanta. Daga nan ake fara tafka kuskure.

Ƙaramar bindiga ta fi wuyar harbi. Ruger LCP ba ta kai giram 300 ba, aljihu ma na ɗauke ta, amma tana zabura a hannu kamar kifi, yatsu biyu kacal ke samun wuri a mariƙinta. Na ga wani abokina ya yi harbi ashirin da ita a filin gwaji ya ajiye yana yarfe hannu, takardar saiti kuwa ko rabin harsasan ba su taɓa ta ba. Glock 19 ta ninka ta nauyi, tana cin harsashi 15, kuma nauyin nan shi ke shanye zaburar. Tsakaninsu akwai Sig Sauer P365 da ta fito a 2018 da harsashi 10, sai Springfield Hellcat ta 2019 mai 11. Filayen gwaji da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka biya, ka harba iri uku ko huɗu, hannunka ya zaɓa maka.

Wani abin da ake ruɗewa a kai shi ne tsawon baki. Bakin yana shigewa cikin wando ne, mariƙin ke turo riga har a gane kana ɗauke da wani abu. Don haka mariƙi za ka auna, kuma da irin kayan da ka saba sawa. Mai kaftani ya huta wajen ɓoyewa, sai dai wandon zariya ba ya riƙe kube, dole a nemi bel mai tauri.

Kuben ma ana raina shi. Mutum ya kashe ɗaruruwan daloli a bindiga, sannan ya sayi kube na yadi mai laushi, ko ya cusa ta a ƙugu haka nan. Kube na kirki mai tauri ne, ya rufe kunama ruf, bindigar ba ta faɗowa ko ka sunkuya. Kuɗin harsashin atisaye da akwatin kullewa saboda yara su ma a lissafa su tun farko.

Doka ya kamata ta zo kafin duk wannan. Mai bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ban da 'yan keɓaɓɓun yanayi, mai katin zama na dindindin yana iyawa. Tun 2021 Texas ta bari a ɗauka ba lasisi, Niyok kuwa sai da lasisi, kuma gidan harsashin da ya wuce 10 haram ne a can da Kalifoniya. Lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba. Kada kuma wani ya sako bindigar a jaka zuwa gida: a Najeriya fistol tana cikin makaman da aka haramta, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izinin riƙe ta.