Yadda ake gano haɗewar jijiyoyin jini a bayan ido da yadda ake maganinta

Jijiyoyin jini iri biyu ne, masu kai jini daga zuciya da ƙarfi da masu mayar da shi a hankali, kuma a tsakaninsu akwai siraran jijiyoyi da ke rage masa gudu. Idan kafa ta buɗe kai tsaye tsakanin nau'ukan biyu, likitoci na kiran hakan fistula. Wadda ta fi nuna kanta a fili ita ce ta jijiyar karotid, wato babbar jijiyar wuya mai kai jini zuwa ƙwaƙwalwa, wadda ke ratsa wani kogon jijiyoyi masu mayar da jini a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan ido. Wannan fistular mai tsanani takan biyo bayan bugu a ka, musamman hatsarin mota ko babur da ya fasa ƙashin gindin kai, amma akwai mai sauƙi da ke tasowa haka kawai, galibi ga mata masu shekaru.

Matakin farko shi ne lura da alamu tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Ido yakan yi ja ya kumbura, ya turo waje, jijiyoyin farin idon su yi kauri su murɗe, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, sannan ya ji wata ƙara a cikin kansa tana tafiya daidai da bugun zuciyarsa, ta fi damunsa da dare. A nan ake yawan yin kuskure, domin alamun na iya bayyana kwanaki ko makonni bayan hatsarin, lokacin da an sallami majinyaci, sai a ɗauka afolo ne a yi ta ɗiga magani. Jan idon da ke tare da ƙara a ka ba na kantin magani ba ne, kuma wajibi ne a gaya wa likita labarin bugun ko da an ga kamar ya wuce.

Likitan ido zai auna ƙarfin gani da matsin cikin ido, ya kuma ɗora abin sauraren ƙirji a kan fatar ido ko gefen goshi, inda sau da yawa ake jin ƙarar. Daga nan sai hoton CT ko MRI, wanda kan nuna jijiyar saman ido ta faɗaɗa. Hoton da ke yanke hukunci shi ne anjiyogiram, dabarar ɗaukar hoton jijiyoyin jini da likita Egas Moniz ya fara a ƙasar Fotugal a 1927. A yau ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu har zuwa wuya, a saki ruwan rini, a ga inda kafar take da inda jinin ke malala. Kafin ranar, majinyaci ya sanar da likita idan yana da ciwon ƙoda, ko juna biyu, ko yana shan maganin tsinka jini.

Abin da likita ya fi nema a hoton shi ne ko jinin na komawa baya zuwa jijiyoyin saman ƙwaƙwalwa, domin hakan ne ke kawo barazanar zubar jini a ciki. Wannan, ko raguwar gani, ko hawan matsin ido da ya ƙi jin magani, duk suna sa a gaggauta aiki. Mai sauƙin kuwa takan toshe da kanta, don haka ana iya sa ido kawai. Wani lokaci a koya wa majinyaci danna jijiyar wuya da hannun ɗaya ɓangaren, amma bai kamata kowa ya gwada hakan ba tare da umarnin likita ba, saboda yana iya jawo suma ko shanyewar ɓarin jiki.

Yawancin aikin yanzu ta cikin jijiya ake yin sa ba tare da an buɗe kai ba. Likitan tiyata Fedor Serbinenko na Mosko ya bayyana toshe kafar da ƙaramar balan-balan a 1974, yanzu kuma an fi amfani da siraran wayoyin filatinam masu naɗewa ko wani ruwa mai daskarewa irin Onyx. Manufar ita ce a rufe kafar a bar karotid tana aiki. Ƙarar kan ɗauke nan take, kumburi ya sauka a hankali, amma ganin bibbiyu na iya ɗaukar watanni, kuma ganin da ya riga ya mutu ba lallai ya dawo ba. Sai a kiyaye ranar komawa asibiti, domin kafar na iya sake buɗewa.

Irin wannan haɗewa kan faru a fatar kai, leɓe, harshe ko muƙamuƙi, ta fito kamar ƙullutu mai ɗumi da ke harbawa a ƙarƙashin yatsa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho a kai, kada kuma a cire haƙorin da ke girgiɗi kusa da shi kafin a ɗauki hoto, domin jinin da zai ɓalle na iya gagarar tsayarwa. Ɗaure jijiyar da ke shayar da ƙullutun kaɗai ba magani ba ne, tunda wasu jijiyoyin za su buɗe su ci gaba da shayar da shi, an kuma rufe hanyar da bututu zai bi. Abin da aka saba yi shi ne a toshe shi ta ciki, sannan likitan tiyata ya cire shi cikin kwana ɗaya zuwa uku.