Ku huda dutse a cikin ruwa

'Yan uwa masu huda ƙananan duwatsu don sarƙa ko abin ado, kada ku huda a bushe. Ku huda a cikin ruwa.

Ku samu ƙaramar roba, ku shimfiɗa guntun katako a ƙasa, ku ɗora dutsen a kai. Ku zuba ruwa ya ɗan rufe shi kawai.

Bakin da ake sa wa injin huda don ƙarfe ko katako ba zai yi ba. Ku nemi mai garin daimon a tsininsa. Shi ba yanka yake yi ba, goge dutsen yake a hankali. Gugar nan tana kawo zafi, zafin kuma shi ke zubar da garin daimon ɗin, bakin ya dakushe tun ba a je ko'ina ba. Ruwa yana sanyaya shi, yana kuma riƙe ƙurar, wadda illa ce ga huhu.

Ku fara da ɗan karkata bakin har ya kama wuri, sannan ku miƙe shi. Kada ku danna. Ku riƙa ɗagawa ruwa ya shiga ramin, za ku ga farin ruwa yana fitowa kamar madara. In kun kusa ɓullewa, ku juya dutsen ku ƙarasa ta baya, in ba haka ba gefen ramin ya ɓalle.

In injinku yana da yanayin bugu irin na fasa siminti, ku kashe shi. Mai batir ya fi, don ruwa da wutar lantarki ba sa shiri. Ku sa tabarau.

Dutsen da ya riga ya tsage kuwa, ko a ruwan ma fashewa zai yi. Ku ɗaga shi a haske ku duba tukuna.