Yadda nake zaɓar injiniyan da zai riƙe manyan rumbunan bayanai

Da farko jerin manhajojin da ke kan takardar neman aiki nake bi. Na taɓa ɗaukar wani da ya lissafa Kafka da Cassandra, manhajojin sarrafa manyan bayanai, amma ranar da sabar guda, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai, ta faɗi da tsakar dare sai ya rasa ta inda zai fara. Tun daga nan na canza salo.

Ka miƙa wa mai neman aikin alƙalami a gaban allo, ka ce: kwastoma ya biya kuɗi, layin sadarwa ya tsinke kafin amsa ta dawo, manhaja ta sake tura buƙatar. Yaya za a hana cire masa kuɗi sau biyu? Wanda ya san aiki zai kawo maganar bai wa kowace buƙata lambar shaidarta, don a gane wadda aka maimaita. Sannan ka ce masa hulɗa ta yanke tsakanin cibiyoyin bayanai biyu, ka tambaye shi me zai sadaukar: daidaiton bayanai ko ci gaba da amsa wa jama'a. Matsalar da masanin kimiyyar kwamfuta Eric Brewer ya gabatar ke nan a 2000. Dalilin mai neman aikin nake son ji, ba hadda ba.

Ka kuma tambaye shi ɓarnar da ya taɓa jawowa da hannunsa, da yadda ya gyara ta.