Yadda ake yanka da duba cikin ƙarfen titaniyam-alminiyam da aka gina da leza

Gaurayen titaniyam da alminiyam ƙarfe ne mai wuyar sha'ani. Nauyinsa kusan rabin na gaurayen nikel ne, yana kuma jure zafin da ya kai digiri 700 a ma'aunin Salsiyas, shi ya sa kamfanin GE ya yi fukafukan baya na injin GEnx da shi, injin da ke ɗaga jirgin Boeing 787. Amma da sanyinsa gautsi gare shi kamar tangaran. Wajen gina shi da leza, ana shimfiɗa garin ƙarfen siriri, haske ya narkar, a ƙara wata shimfiɗar a kai. Wurin da ya narke yakan daskare kafin ƙiftawar ido, kuma duk abin da wannan gaggawar ta haifar yana nan a ciki, sai an yanka an duba.

Kafin ka taɓa komai, zana kibiya a jikin samfurin mai nuna inda ginin ya dosa, daga ƙasa zuwa sama. Sannan ka fitar da yanki biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Na tsayen ya fi muhimmanci, don a nan ake ganin sawun narkewar jere kamar ɓawon kifi, da ƙwayoyin ƙarfen, wato ƙananan gutsattsarin da suka haɗu suka yi jikinsa, da suka miƙe suna bin hanyar da zafi ya fita. Yi amfani da na'urar yanka da waya mai tartsatsin lantarki, ko siririn faifan lu'ulu'u a hankali, ruwa na zuba. Kada ka kusance shi da giranda. Za ta tsaga maka shi, ka zo ka ɗora wa leza laifin da ba nata ba.

Sai ka dasa yankin a cikin roba mai daskarewa don ya riƙu, ka hau goga da sanfefa a ƙarƙashin ruwa. Fara da mai lamba 320, ka haura zuwa 1200, har 4000. Duk lokacin da ka canza sanfefa, juya samfurin a gicciye, kada ka wuce gaba sai sawun na baya ya ɓace ƙaf. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, domin titaniyam yakan shafe a saman fuska ya toshe ƙananan ramuka, ka ga ƙarfe sumul alhali ciki da ɓaraka. Ƙarasa da ruwan silika mai laushi da aka ɗiga wa haidurojin feroksaid, a kan ƙyalle, ba dannawa, har ka ga fuskarka a ciki.

Kada ka sa asid ɗin da ke fito da tsarin ƙarfe tukuna. Duba shi haka nan a madubin ƙara girma. Rami mai zagaye kamar ƙwayar gero yawanci iska ce ta maƙale. Wanda ya baje tsakanin shimfiɗa biyu, bakinsa da kaifi, alama ce ƙarfin leza bai isa ya haɗe su ba. Tsaga mai ratsa shimfiɗu da yawa kuwa, sanyin gaggawa ne ya ja ƙarfen har ya fashe. Wannan matsalar ce ta sa kamfanin Avio Aero a garin Kameri na Italiya ke gina fukafukan injin jirgi na GE9X da harbin ilektiron maimakon leza, inda ake ɗumama garin ƙarfen zuwa wajen digiri 1,000.

Bayan nan ka kai shi madubin ilektiron, a yanayin da ke bambanta abubuwa da nauyinsu. Ƙarfen na da ɓangarori masu tsari daban-daban, da ake kira gama, alfa-2 da bita. Ɓangaren gama, mai yawan alminiyam, zai fito da duhu, alfa-2 ya fito toka-toka, bita kuma fari idan gauraye ne mai ƙarfen molibdinam, irin wanda ake kira TNM. Auna yawan alminiyam a wurare da dama. Leza tana ƙafar da shi, kuma a gauraye irin na GE, wato Ti-48Al-2Cr-2Nb, raguwar kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ta isa ta canza tsarin, har ka ga ratsi-ratsi masu haske da duhu.

Don duba tsarinsa a madubin ƙara girma mai aiki da haske, shafa masa ruwan Kroll, wato haɗin asid mai fito da tsarin titaniyam, na 'yan daƙiƙoƙi ka wanke. Akwai asid na haidurofulorik a ciki, mai ratsa fata ya kai ƙashi tun ba ka ji zafi ba. Safar hannu, tabarau, da man kalsiyam gulukonet a kusa, duk wajibi ne.

Abin da ya fito daga leza kai tsaye yakan zo da ƙwayoyi ƙanana ainun, da alfa-2 fiye da kima. Don haka ka ajiye yanki ɗaya yadda yake, ka gasa sauran. Gashi a wajen digiri 1,200 tare da matsin iskar argon yana rufe ramukan ciki. In ka tsaya ƙasa da iyakar zafin da ƙarfen ke komawa tsarin da ake kira alfa zalla, za ka sami haɗin ƙwayoyin gama da masu falle-falle, wanda ya fi ɗan miƙuwa da sanyinsa. In ka haura iyakar, wajen digiri 1,360 a gaurayen GE, komai zai koma falle-falle kamar shafukan littafi, ya fi jure nauyi cikin zafi, sai dai ƙwayoyin kan yi girma da sauri. Goge su duka iri ɗaya, ka ɗauki hotunansu a girma ɗaya, kibiyar tana kallon sama a kowanne.