Yadda Za a Bi Diddigin Tarihin Rudolf Wetzer

Mai son rubuta tarihin Rudolf Wetzer, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Romaniya a gasar cin kofin duniya ta 1930, ya fara da garin haihuwarsa, Timishowara. Lokacin da aka haife shi a 1901, garin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari, saboda haka sai a nemi garin a tsofaffin jaridu da sunansa na Hungari, Temesvár.

Daga nan a bi ƙungiyoyinsa bi da bi, musamman Chinezul, wadda ta lashe gasar ƙasar Romaniya sau shida a jere daga 1922 zuwa 1927. Sannan a duba rahotannin wasan gasar kofin duniyar da aka buga a Montebidiyo, babban birnin Uruguay, inda Romaniya ta doke Peru da ci 3 da 1.